A Dubi Haƙoran Waya Kafin A Biya Kuɗi

Duk wanda ya taɓa shiga kara sayen sa ko rago ya san ba a tsayawa ga ƙyallin fata ko girman ƙaho. Sai an buɗe bakin dabba an dubi haƙoranta, gama su ne ke faɗin shekarunta, kome rantsuwar da dillali zai yi. Mutanen Yankwashi da maƙwabtansu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ba mai koya musu wannan, da shi suka tashi. Amma ga wata haja ta shigo wadda su ke zuba kuɗin riɗi da gyaɗa da zoɓo a kanta ba tare da sun buɗe mata baki ba, watau babbar wayar hannu, irin wadda a ke shafawa da yatsa.

Ga yadda abin ya kan faru. Kaka ta yi, mutum ya sayar da 'yan buhunansa, ya hau mota zuwa Kazaure, ko ya zarce Kano kasuwar waya ta Farm Centre. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihunsa, sai a miƙo masa wadda wani ya riga ya yi amfani da ita. Ya juya ta, gilashi ba tsaga, batir na riƙe caji, hoto tangaran, ga araha. Ya biya, ya komo Karkarna ko Achilafiya yana murna. Ran da ya ce a sa masa WhatsApp, ko manhajar bankin da ya ke ajiya, sai waya ta ce ba ta iyawa. Ya kai wa mai gyara, mai gyara ya duba ya ce ba abin da ya lalace, kuma gaskiyarsa. Wayar lafiyarta lau, tsufa ne ya kama ta daga ciki, kasuwar da a ke samo manhajoji kuwa ta rufe mata ƙofa. Wannan kasuwa da wannan tsufa su mu ke so mu bayyana wa masu karatu yau, domin wanda ya fahimce su ba zai sake cinikin biri a sama ba.

ABIN DA KE CIKIN WAYA

Kowace babbar waya abu biyu ce a haɗe. Akwai gangar jiki, wadda ido ke gani hannu ke taɓawa, kamar gilashi da batir da kyamara. Akwai kuma babbar manhaja, wadda ba a ganinta, amma ita ke tafiyar da sauran duka. Ƙananan manhajoji, irin su na hira da na banki da na sauraron tafsiri, a kanta su ke zama, kamar yadda ɗaki ke zama bisa harsashi. In harsashi bai kai ba, ba a ɗora masa bene.

Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu, Tecno ce ko itel ko Infinix ko Samsung, babbar manhajarsu ɗaya ce, sunanta Android. Waɗansu mutum huɗu ne, babbansu Andy Rubin, suka kafa wani ɗan kamfani mai wannan suna a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin watan Oktoba 2003. Da fari ma don kyamarar ɗaukar hoto suka nufi yin ta, sa'an nan suka ga kasuwar waya ta fi faɗi. Cikin 2005 kamfanin Google ya saye su. Bayan shekara biyu kamfanin Apple ya fito da tasa wayar, iPhone, amma ya riƙe manhajarsa, ba mai sa ta cikin waya sai shi. Google kuwa ya bi wata hanya dabam, ya bar kowane maƙerin waya ya ɗauki Android kyauta ya sa cikin tasa. Wayar farko da ta zo da ita kamfanin HTC na Taiwan ya ƙera ta, ta shiga kasuwa a Amurka ran 22 ga Oktoba 2008.

Mu nan ƙasan nan an fara wayar salula cikin Agusta 2001, muka daɗe da Nokia, masu hali suka riƙi BlackBerry. Abin da ya kawo Android ƙauye shi ne araharta. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ke da Tecno da itel da Infinix duka uku, ya lura da abin da mutanen Afirka ke so, watau waya mai ɗaukar layi biyu, mai batir mai daɗewa, mai sauƙin kuɗi. Da ya ke ba ya biyan ko anini don babbar manhajar, sai farashi ya sauko har manomi ya iya saye. Kyautan nan ita ta sa waya a hannun talaka, ita ce kuma, kamar yadda za mu gani, tushen wahalar da ya ke sha.

KASUWAR DA BA TA DA RUMFA KO ƊAYA

Waya ba ta zuwa da duk abin da mai ita ke bukata, sai ya nemo. Apple ya buɗe kasuwarsa ta manhaja ran 10 ga Yuli 2008 da manhajoji 500. Google ya buɗe tasa cikin Oktoba na shekaran nan, ya kira ta Android Market, sa'an nan ran 6 ga Maris 2012 ya haɗa ta da wuraren sayar da littattafai da waƙoƙi, ya sake mata suna Google Play. Ita ce 'yar alaman nan mai kusurwa uku da a ke gani a fuskar waya, wadda samari ke kira Play Store.

Kasuwa ce sosai, ko da ya ke ba ta da rumfa ko ɗaya, kuma tana da sarkinta. Wanda ya rubuta manhaja ya ke so ya kasa ta, sai ya biya Google dala 25 sau ɗaya, kamar kuɗin rumfa. In manhajar ta sayarwa ce, Google ya ɗauki la'ada. Shekaru da yawa kashi 30 cikin ɗari ya ke ɗauka, sai ran 1 ga Yuli 2021 ya rage zuwa kashi 15 a kan dala miliyan ɗaya ta farko da mutum ya samu cikin shekara. Waɗanda mu ke saukewa ba mu biya kome ba, yawancinsu da talla su ke cin abinci, waɗansu kuwa da labarin mai wayar, watau inda ya ke, da abin da ya ke kallo, da waɗanda ya sani.

Sarkin kasuwan nan shi ke cewa wannan haja ta shigo, waccan a fitar da ita. Cikin 2017 ya sa mai gadi, Play Protect, wanda ke binciken manhajoji don kama masu ɓarna. Ikonsa kuwa ya wuce inda a ke zato. Cikin Mayu 2019 gwamnatin Amurka ta hana kamfanoninta ciniki da kamfanin Huawei na Sin, sai sababbin wayoyin Huawei da suka biyo baya suka riƙa fitowa ba Play Store a cikinsu, tilas ya dogara da tasa kasuwar. Kun ga ke nan, waya tana aljihunka a Zungumba, mabuɗin kasuwarta kuwa yana Amurka.

SHEKARUN ANDROID

Android ba ta tsaya inda ta fara ba, kusan kowace shekara sai an fito da sabon zubi. Da can Google ya kan raɗa wa kowane zubi sunan wani kayan zaƙi na Turawa, bisa jerin baƙaƙen boko, tun daga Cupcake na 2009, da Gingerbread na ƙarshen 2010, da KitKat na 2013, da Lollipop na 2014, har zuwa Pie na 2018. Cikin 2019 ya daina tallata sunayen, ya ce suna rikita mutanen da harshensu ba Ingilishi ba ne, ya koma lamba zalla daga Android 10.

Cikin zube-zuben nan akwai waɗanda suka fi shafar mu. KitKat, mai lamba 4.4, an yi shi ne don ya yi aiki ko a waya mai ƙaramin ƙarfi, sabo da haka ya bazu cikin wayoyi masu araha. Android 6 na 2015 shi ya kawo gyara mafi amfani ga tsaron mai waya. Kafin shi, duk manhajar da ka sauke sai ka ba ta dukan iznin da ta nema a dunƙule, ko ka haƙura da ita. Daga shi ne aka ba mutum dama ya ce na yarda ki yi amfani da kyamara, amma ban yarda ki ga lambobin mutanena ba. Cikin 2017 kuma aka fito da Android Go, mara nauyi, don wayoyin da ram ɗinsu, watau wurin da waya ke riƙe aikin da ta ke yi a lokacin, bai wuce giga 1 ba. Zuwa 2022 Google da kansa ya ɗaga ma'aunin, ya ce sai mai giga 2.

Ga wata dabara mai sauƙi ta sanin shekarun waya. Daga Android 5 zuwa 16, a ƙara 9 a kan lambar, sai a sami shekarar da zubin ya fito. Android 5 da 9 sun zama 14, watau 2014. Android 8 na 2017 ne, Android 12 na 2021, Android 16 kuwa na 2025. Waɗannan lambobi su ne haƙoran waya.

YADDA ƘOFA KE RUFEWA

Mai karatu zai ce, to, in sabon zubi ya fito, me zai hana a zuba shi cikin tsohuwar waya? A nan kyautar da muka ambata ta ke cizo. Google ba shi ke aika wa Tecno ko Samsung ɗinka sabuwar Android kai tsaye ba. Sai maƙerin ƙwaƙwalwar wayar ya gyara ta ta dace da kayansa, sa'an nan maƙerin wayar ya sake gyarawa, ya gwada, ya aiko. Wannan aiki ne mai cin kuɗi, wayar kuwa an riga an sayar, ba wata riba da za ta sake kawowa. Sabo da haka wayoyi masu tsada su ke samun kulawa. Cikin Oktoba 2023 Google ya yi wa wayarsa Pixel 8 alkawarin sabuntawa har shekara 7, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 cikin Janairu 2024. Mai araha kuwa sau da yawa a kan zubin da aka haife ta ta ke mutuwa, ko a ɗaga ta sau ɗaya a manta da ita.

Su kuma masu rubuta manhajoji kullum gaba su ke yi, suna gini bisa sabon harsashi, suna sakin na baya. Ran 27 ga Satumba 2021 Google ya hana wayoyi masu Android 2.3.7 zuwa ƙasa shiga asusunsa. Cikin Agusta 2023 ya daina sabunta wa KitKat hidimomin Google Play, waɗanda manhajoji da yawa ke dogara da su. Ran 24 ga Oktoba 2023 WhatsApp ya sallami duk wayar da ba ta kai Android 5 ba. Cikin Yuli 2024 aka yi wa Lollipop abin da aka yi wa KitKat. Sa'ad da Google ya saki KitKat ya ce masu amfani da shi ba su kai ɗaya bisa ɗari ba. Amma tun 2021 ya ce wayoyin Android da ke aiki a duniya sun kai miliyan dubu uku, ɗaya bisa ɗari na wannan kuwa miliyan talatin ne. Ko rabin haka ne ba 'yan kaɗan ba ne, kuma ba sai an faɗa wa kowa ƙasashen da tsofaffin wayoyi ke gangarowa ba.

Kada mu ɗora abin duka a kan mugunta. Tsohuwar manhaja kamar tsohuwar katanga ce, kullum ɓarayi na gano mata sabuwar ɓaraka. Tun Agusta 2015 Google ke fitar da yaɓen tsaro kowane wata, wayar da ta daina samun yaɓen nan kuwa ramukanta a buɗe su ke. Banki yana da hujja in ya ƙi sa kuɗin mutane a bayan irin wannan katanga. Sai dai wanda ke biyan bashin shi ne wanda ba a taɓa gaya masa ba.

Mun ga nauyin wannan al'amari a farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwa ran 26 ga Oktoba 2022 zai sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka koma banki, sababbin ba su wadata ba, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 a ci gaba da karɓar tsofaffin. Cikin makwannin nan mai hatsi da mai dabba da mai shayi duk suka koma karɓar kuɗi ta waya, mutane suka yi ta buɗe asusu a OPay da PalmPay da Moniepoint. Wanda wayarsa ta ƙi ɗaukar manhaja, sai ya ba da lambar asusun wani a zuba masa kuɗin gumi nasa a can, ko ya bi layin mai POS ya biya ladan cirewa.

HANYAR BAYAN GIDA

Da ƙofar gaba ta rufe, mutane su kan zagaya. Android ta yarda a sa manhajar da ba daga kasuwarta ta fito ba. A ƙauyukanmu, inda data ke da tsada sabis kuma ke zuwa yana ɗaukewa, abin da aka saba shi ne aboki ya tura wa aboki ta Xender, ko mai shagon caji ya zuba wa mutum duk abin da ke cikin kwamfutarsa. Akwai sauƙi cikin haka, ba mu musu. Amma manhajar da ta bi hannu goma ba wanda ya san abin da aka cusa mata a hanya. Haka waɗannan na jabu da a ke kira GB WhatsApp, kamfanin WhatsApp ya faɗa a fili ba nasa ba ne, kuma yana iya rufe asusun mai amfani da su.

Mafi muni su ne manhajojin ba da bashi. Su ba ka 'yan dubbai cikin minti kaɗan, su nemi iznin ganin lambobin wayarka da hotunanka, ran da ka yi jinkirin biya sai su aika wa surukinka da limaminku da abokan cinikinka saƙo, suna kiranka ɓarawo. Cikin Maris 2022 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Legas. Daga ran 31 ga Janairu 2023 Google ya ce ba mai kasa manhajar bashi ga 'yan Nijeriya sai ya nuna takardar amincewar hukumar, daga ran 31 ga Mayu na shekaran nan kuma ya hana su taɓa lambobi da hotuna. Waɗanda aka kora daga kasuwa ba su mutu ba, sun koma aika wa mutane mahaɗi ta saƙo, suna cewa a danna a sauke. Duk wanda ya danna ya fita daga inuwar dokokin nan duka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

SHAWARARMU

Ga mai sayen waya, abu biyar mu ke ba shi shawara ya yi tun yana gaban mai shago, kuɗinsa na aljihu. Na farko, ya shiga saitin, ya nemi inda a ke bayanin wayar kanta, ya dubi lambar Android, ya ƙara mata 9. A ganinmu, wadda ba ta kai Android 10 ba kada a zuba mata kuɗi mai yawa in da niyyar harkar banki da ita. Na biyu, ya dubi kwanan watan yaɓen tsaro na ƙarshe, yana nan kusa da lambar. Na uku, ram kada ya gaza giga 2. Na huɗu, ya sa a buɗe Play Store a sauke masa manhajar bankinsa da WhatsApp nan take, ya gan su suna aiki da idonsa. Na biyar, in wayar ta hannun wani ce, sai mai ita ya cire asusunsa na Google tukuna, gama tun 2015 aka sa wa Android makulli, in aka wanke waya ba a cire asusun ba sai ta nemi kalmar sirrin mai ita na farko. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da ɗansa ko ƙanensa. Matambayi ba ya ɓata.

Ga hukuma kuma muna da kira. Ƙasashen Tarayyar Turai sun kafa doka wadda ta fara aiki ran 20 ga Yuni 2025, cewa maƙerin waya zai ci gaba da samar da sabuntawar babbar manhaja har shekara 5 bayan ya daina sayar da samfurin. Mu ko ba mu kai can ba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda ke tantance wayoyi kafin a shigo da su, tana iya cewa a rubuta a jikin kwali shekara nawa za a yi ana kula da kowace waya, yadda a ke rubuta ranar lalacewa a jikin magani. Shugabannin 'yan kasuwar waya na Kano da Kazaure su ma suna iya sa 'yan ƙungiyarsu su riƙa faɗa wa mai saye gaskiyar lambar, domin wanda aka cuta sau ɗaya ba ya komowa.

Daga ƙarshe muna tuna wa samarinmu cewa Kazaure ba baƙuwar wannan ilmi ba ce. Nan gwamnatin Jigawa ta kafa makarantar koyon ilmin kwamfuta zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, nan kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan Hussaini Adamu ta ke. Kuɗin rumfa a kasuwar Google dala 25 ne ga Bature, dala 25 ne ga ɗan Yankwashi. Mutanen Kalifoniya ba za su zauna su rubuta manhaja mara nauyi, da Hausa, mai magana da murya don wanda bai iya karatu ba, mai faɗin farashin riɗi a kasuwar Babura, wadda za ta yi aiki a tsohuwar waya ko sabis ya ɗauke ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Allah ya ba su himma, ya kuma tsare wa manomi guminsa, amin.